TSOHO MAI ƘARFI: NAWA NE RABONSA A AKUSHI?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ƙauyukanmu, wai tsoho ba ya bukatar abinci da yawa. Mata su kan faɗe ta wajen kwasar tuwo, samari su kan faɗe ta, har tsofaffin da kansu su kan faɗe ta, tun ba a watan Yuli da Agusta ba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuwa bai nuna ba. Sai ka ga dattijo ya yi loma biyar ya tura wa jikoki akushi, ya ce ya ƙoshi. Gari na wayewa kuma shi ne na farko a gona.

Maganar nan tana da tata gaskiya game da tsohon da ya ke yini a gindin bishiya. Amma a ƙasar Gaya da Ajingi ba irinsa ne kaɗai tsoho ba. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya a wajajen Kademi, ko Balare, ko Toranke, ya san akwai masu furfura waɗanda in an buga gangar noma su kan kama kunyarsu su jera da samari, wani lokaci ma su riga su kai ƙarshen gona. Ɗan kokawa da ɗan dambe su kan ajiye wasa tun da sauran ƙarfinsu, amma garma ba ta sallamar mutum don ya cika shekara sittin. Tambayarmu a wannan fitowa ita ce: irin wannan dattijo, abinci nawa jikinsa ya ke ci, kuma yaya za mu ƙiyasta shi?

WUTAR DA BA TA MUTUWA

Jikin mutum kamar murhu ya ke. In za a yi girki a kan iza wuta, in an gama a kan rufe garwashi da toka, amma yana nan yana ci har safiya. Haka jiki, ko mutum yana kwance bai motsa ko yatsa ba, zuciya tana bugawa, huhu yana jan iska, hanta da ƙoda suna aikinsu, ƙwaƙwalwa ba ta tsaya ba. Wannan ƙarfi da jiki ke ƙonawa yana hutu shi za mu kira wutar kwance. A kan auna shi da kalori, watau ma'aunin ƙarfin da ke cikin abinci. Gero giram 100 yana da kalori wajen 350.

Ga mai zaman ofis, wutar kwance ita ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na abincin yini. Ga manomi a tsakiyar damina kuwa wajen rabi ne. Saboda haka ita ce harsashin lissafi, wanda ya kuskure ta ya kuskure sauran.

Sassan jiki ba cinsu ɗaya ba. Kilo ɗaya na hanta ya kan ci kalori wajen 200 a yini, na ƙwaƙwalwa 240, na zuciya ko ƙoda 440. Kilo ɗaya na tsoka ya kan ci 13 in yana hutu, na kitse kuwa bai kai 5 ba. Ke nan mutum biyu su na iya hawa sikeli nauyinsu ya zo ɗaya, amma mai tsoka ya fi mai teɓa cin wuta.

A manyan ɗakunan bincike a kan auna wutar kwance kai tsaye. Mutum zai kwana bai ci kome ba, ba goro, ba shayi, ba taba, bai kuma yi aikin wahala jiya ba. Da safe ya kwanta shiru kamar rabin awa, sa'an nan a kifa masa wata hula mai haɗe da na'ura wadda ke auna iskar oksijin da ya ke shaƙa. Kowace lita ɗaya ta oksijin tana nuna an ƙone kalori kusan biyar. Wannan na'ura ba abin da za a samu a ɗakin maganin ƙauye ba ne. Domin haka masana su ka shirya hanyoyin lissafi, a ƙiyasta da nauyi, da tsawo, da shekaru.

TSOFAFFIN 'YAN TSERE

A ƙasashen Turawa akwai tsofaffi masu shiga gasar gudu, da iyo, da tseren keke. A 1975 aka fara yi musu gasar duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle a birnin Toronto na Kanada. A wannan birni ne kuma, a 2004, wani mai suna Ed Whitlock ya yi gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa uku yana da shekara 73. Likitoci sun sa ido a kan irin waɗannan mutane, domin su gane abin da tsufa ke ragewa da kansa, da abin da zama kawai ke ragewa.

A Jami'ar Colorado ta Amurka, Van Pelt da abokan aikinta sun gwada maza matasa da tsofaffi, masu motsa jiki da marasa yi, su ka buga sakamakon a 2001. Sun tarar wutar kwance tana raguwa da shekaru har a cikin masu motsa jiki, amma raguwar tana tafiya ne tare da rage yawan motsa jikin da rage cin abinci. Tsofaffin da su ka riƙe yawan wasansu da yawan cinsu daidai da matasa, wutarsu ba ta yi ƙasa da ta matasan ba.

A 2021 kuma Herman Pontzer da masana da yawa su ka haɗa awon mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, tun daga jarirai har masu shekara 95. Abin da ya fito shi ne, in an yi la'akari da girman jiki da yawan tsoka, wutar jiki ba ta canzawa daga shekara 20 zuwa 60. Bayan sittin ne ta kan fara sauka, ita ma a hankali, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. To, ashe mai shekara hamsin da biyar da ke cewa tsufa ya rage masa bukatar abinci, bai ma kai bakin ƙofar ba tukuna.

DATTIJO ƊAYA, AMSA HUƊU

Bari mu ɗauki misali da dattijo mai shekara 65, nauyinsa kilo 60, tsawonsa santimita 170, ba shi da teɓa, har yanzu yana huɗa da hannunsa.

Lissafi mafi daɗewa shi ne na Harris da Benedict, na 1919. Sun auna maza 136 da mata 103 a birnin Boston, yawancinsu matasa. Lissafinsu ya kan cire wa namiji kalori kusan bakwai a kan kowace shekara ta haihuwa, ko yana aiki ko ba ya yi. Dattijonmu zai sami 1,300.

Na biyu shi ne na Mifflin da St Jeor, na 1990, daga mutum 498 a Amurka, kusan rabinsu masu ƙiba. Wannan zai ba shi 1,340.

Na uku shi ne wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya su ka sa a rahotonsu na 2004. Ya fi sauƙi, don nauyi kaɗai ya ke bukata. Ga namijin da ya kai sittin, a ninka nauyinsa sau 11.7, a ƙara 588. Dattijonmu zai sami 1,290. Amma ku lura da wani abu. Ga mai shekara 30 zuwa 60, a kan ninka sau 11.5 ne a ƙara 873, watau 1,560. Ke nan a kan takarda mutum zai kwana da 1,560 ya wayi gari da 1,290, don kawai ya cika sittin. Jiki ba ya yin haka. Har wa yau, mutanen da aka gina wannan lissafi a kansu kusan rabinsu Italiyawa ne, tsofaffin cikinsu kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Na huɗu shi ne na Cunningham, na 1980. Shi bai kula da shekaru ba sam, abin da ya ke dubawa shi ne nauyin jiki bayan an cire kitse. A ninka wannan sau 22, a ƙara 500. In mun ce dattijonmu yana da kitse kilo 8, saura kilo 52, zai sami 1,640. An tarar wannan lissafi ya fi dacewa da matasa 'yan wasan dogon zango. Ga wanda ya wuce sittin kuwa yana iya zarcewa, tun da ya ke wutar ta fara sauka.

Daga 1,290 zuwa 1,640 akwai ratar kalori 350. Kada a raina ta. A ranar aikin wahala a kan ninka wutar kwance sau biyu, sai ratar ta zama 700, watau gero giram 200 kowace rana. Cikin kwana 90 na damina, kilo 18 ke nan, fiye da tiya bakwai, a kan mutum ɗaya.

Wani zai ce ai jikin Bature dabam, namu dabam.  A 2000, Amy Luke da abokan aikinta sun kwatanta mutanen karkarar Igbo-Ora ta Jihar Oyo da baƙaƙen fata na Amurka, su ka tarar in an daidaita yawan tsoka, wutar kwancensu ɗaya ce. Abin da ke raba mutane shi ne ginin jiki da irin aikin da su ke yi.

LISSAFIN DA ZA MU IYA YI A GIDA

Tun da ya ke lissafin masu shekaru yana iya gaza wa tsoho mai aiki, na masu tsoka kuma yana iya zarcewa, hanya mafi kyau ita ce a tsaya a tsakiya. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kalori ɗaya ga kowane kilo a kowace awa. Watau a ninka nauyi sau 24. Dattijo mai kilo 60 zai sami 1,440. Tsohuwa mai kilo 50 wadda ke daka, da ɗiban ruwa, da roron wake, za ta sami 1,200. Wannan ƙa'ida ta marasa ƙiba ce, ga mai teɓa ta kan yi yawa.

Sa'an nan sai a duba aiki. Bisa ga rahoton nan na 2004, mai zama a kan ninka tasa sau 1.4 zuwa 1.7, mai matsakaicin aiki 1.7 zuwa 2, mai aikin wahala kuwa 2 zuwa 2.4. Dattijonmu da rani, in yana saƙar zana ko tufkar igiya, 2,300 za ta ishe shi. A lokacin noman firi da maimai da huɗa kuwa yana bukatar wajen 2,900, ranar gayya ma fiye da haka. Wannan ya yi daidai da abin da aka auna a ƙasar da yau a ke kira Burkina Faso. A wani bincike da aka buga a 1981, manoma maza a can su na ƙona kalori wajen 2,400 a yini da rani, da damina kuwa wajen 3,450. Abin baƙin ciki shi ne, lokacin da bukata ta fi yawa shi ne lokacin da hatsi ya fi ƙaranci.

Yaya 2,900 ta ke a akushi? In da gero zalla ne, sai an ci fiye da giram 800, abin da cikin tsoho ba zai ɗauka da sauƙi ba. Ga wata hanya:

Gero ko dawa, a tuwo da fura da kunu, giram 550: kalori wajen 1,950.
Wake, giram 100: wajen 340.
Gyaɗa, giram 50: wajen 280.
Man gyaɗa ko manja, babban cokali biyu: wajen 240.
Nono, ƙaramin moɗa ɗaya: wajen 100.

Wannan haɗi yana kuma ba da abinci mai gina jiki, wanda tsoho ya fi saurayi bukatarsa in an gwada da nauyinsu. Masana lafiyar tsofaffi sun ba da shawara a 2013 cewa wanda ya wuce 65 ya sami giram 1 zuwa 1.2 na sinadarin gina jiki ga kowane kilo na nauyinsa a yini, mai aikin ƙarfi kuma ya ɗara haka. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, daddawa, ƙwai, nono, kifi da fara duk su na bayarwa.

ABIN DA KE CIKIN HATSARI

In dattijo ya gaza kalori 300 kowace rana har wata uku, zai iya zubar da kilo uku ko fiye. Saurayi ma ya kan rame da damina, amma da kaka ya kan mayar. Tsoho marar kitse kuwa, abin da ya ke zubarwa har da tsoka, ita kuwa ba ta saurin komowa. Tun daga shekara 30 mutum ya kan yi asarar kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa kowace shekara goma, bayan sittin abin ya kan ƙara sauri. A wani gwaji a Amurka a 2007, tsofaffi masu lafiya da aka kwantar kwana goma kacal sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa.

Ga yadda abin ya kan kasance. Dattijo ya rage ci domin yara. Ya rame. Zazzaɓin cizon sauro ya same shi a cikin marka, zazzaɓi kuwa ya kan ƙara wutar jiki wajen kashi goma cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya hau, ga shi kuma ba ya iya ci. Ya kwanta mako biyu. Da ya tashi, ƙafa ba ta ɗaukarsa kamar da. Baɗi ya rage gona, hatsin gidan ya ragu, yaran da ya bar wa tuwo su ne kuma za su ji yunwa. Sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

SIKELI SHI NE ALƘALI

Duk lissafin da mu ka yi ƙiyasi ne. Ko mafi kyawunsa yana iya kuskure da kashi goma cikin ɗari ko fiye a kan mutum ɗaya. Shi ya sa masu horar da tsofaffin 'yan wasa su kan fara da lissafi, sa'an nan su bi nauyin mutum su gyara. Mu ma haka za mu yi.

1. A auna nauyin kowane dattijo da tsohuwa masu aiki kafin saukar damina, sa'an nan sau ɗaya kowane wata har girbi. A yi da safe kafin a karya, a kan sikeli ɗaya, a rubuta a littafi. Sikelin ɗakin magani ya isa.

2. Inda babu sikeli, a zagaya igiya a tsakiyar dantse da kuma wurin da ya fi kauri a sha-raɓa, a ƙulla alama, a riƙa gwadawa kowane wata.

3. In nauyi ya tsaya, abincin ya isa, kome lissafi ya ce. In ya sauka da kilo ɗaya a wata, a ƙara. Cokali biyu na mai a miya da cikin tafi ɗaya na gyaɗa sun fi kalori 350.

4. In ya sauka da kashi biyar cikin ɗari a 'yan watanni, watau kilo uku ga mai kilo 60, ko kuwa yana ci amma yana ramewa, ko da tari, ko yawan fitsari da ƙishirwa, to a kai shi Babban Asibitin Gaya ko asibiti mafi kusa. Tarin fuka da ciwon sukari da tsutsar ciki duk su kan ramar da mutum.

5. A raba abinci sau huɗu ko biyar. Kada ya tafi gona da goro kaɗai a bakinsa, goro ɓoye yunwa ya ke yi. Ɗumame ko kunun gyaɗa da safe, fura da nono da hantsi, ɗanwake ko dambu da zogale da rana, tuwo da dare. Wanda haƙoransa su ka zube a dafa masa wake ya yi laushi, a daka ƙuli-ƙuli a zuba masa a kunu.

6. A kai masa ruwa gona, a kuma tuna masa ya sha, gama tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro.

7. A guji ƙwayoyin ƙara ƙarfi irin su tiramadol. Ba su da kalori ko ɗaya, rufe gajiya kawai su ke yi, jiki kuwa yana ta cin kansa.

8. Mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko ciwon ƙoda, kada ya ƙara abinci bisa ga wannan lissafi sai ya shawarci likita.

AIKIN DA KE GABANMU

Maganin wannan matsala tun daga girbi a ke fara shi. Sa'ad da mai gida ke ƙidaya damman da za su kai iyali shekara, ya lissafta tsohon da ke noma a cikakken ma'aikaci. A ware wake da gyaɗa na ci, a adana su da kyau domin watan Yuli da Agusta, kada a sayar duka da kaka don kuɗi sun yi kira. Masu neman irin wake ko waken soya mai saurin nuna su tuntuɓi malaman gona na KNARDA, wadda ofishin shiyyarta ya ke a nan Gaya. Masu kiran gayya kuma su tuna, in an kawo abinci, dattijon da ya ja kunya ɗaya da samari rabonsa ɗaya da nasu.

Zumuntar mata tana da babban hannu a nan, tun da ya ke mara tana hannunsu. Dattawan ekklesiya kuma su na iya sa rana ɗaya a wata domin awon nauyi, a kuma gayyaci maƙwabta duka, Kirista da Musulmi, gama yunwar damina ba ta tambayar addini.

A sura ta 14 ta Littafin Joshuwa mun karanta labarin Kalibu, wanda yana da shekara 85 ya nemi a ba shi ƙasar tuddai mai wuyar ci, domin ƙarfinsa yana nan. Muna da irinsa a garuruwanmu. Girmama iyaye da aka umarce mu bai tsaya ga durƙusawa da gaisuwa ba, ya kai har ga abin da a ke zuba musu a akushi. Ku kuma iyayenmu, muna roƙonku, ku ci rabonku. Gidan yana bukatar ƙarfinku baɗi da baɗin baɗaɗa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa dattawanmu lafiya. Amin.